Fitilar cek injin ta kama a tsohuwar motarka? Ga yadda za ka bi ta har ka tsallake gwajin hayaƙi

Mafi yawan tsofaffin motocin da ke yawo a titunanmu, Corolla ce, Camry ce, EOD ce, Vibe ce, in ka leƙa dashbod ɗinsu za ka tarar da 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji tana nan a kunne, mai motar ma ya daina ganinta, in ka yi masa magana ya ce ai haka ya saye ta, ko ya ce bakanikensa ya ce ba komai ba ce tunda mota tana tashi tana tafiya. Lokacin da fetur yake araha wannan maganar tana iya wucewa. Amma tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, motar da ke shan mai fiye da ƙima aljihunka take ci kullum ta Allah. Ga kuma batun gwaji. A Legas da Abuja akwai cibiyoyin da ake duba mota da kwamfuta kafin a ba ka takardar lafiyar mota, kuma cikin abin da ake dubawa har da hayaƙin salansa, hukumar kula da muhalli ta NESREA ma tana da doka a kan hayaƙin motocin fetur da na dizil tun 2011. 'Yan'uwanmu da ke Ingila kuwa duk shekara sai sun kai gwajin MOT in mota ta kai shekara 3, kuma tun 2018, a mafi yawan motoci, fitilar nan kaɗai in tana kunne ta isa ta kayar da kai.

To bari mu bi abin daki-daki, daga wanda ba ya cin ko sisi har zuwa wanda zai sa ka dafe kai.

Da farko, wace fitila ce ma ta kama?

Ba duka ne ɗaya ba. In ja ce, wato mai siffar butar mai, ko ta zafin inji, ka faka gefe ka kashe mota nan take, ba zancen bari in ƙarasa gida. Fitilar mai tana nufin baƙin mai ba ya zagayawa da ƙarfi, tafiya kaɗan a haka ta isa inji ya buga. Ta batir ita ma ja ce, cajin ne ya tsaya, ka duba ko bel ya tsinke, don a motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya wata-fam, in ya tafi zafi na biye.

Ta cek injin ita ruwan ɗorawa ce kuma hali biyu gare ta. In ta kama ta tsaya cak, kana iya ci gaba da hawa na 'yan kwanaki kafin ka duba. In kuwa ƙiftawa take yi, tana kamawa tana ɗaukewa, musamman in ka ji mota tana karkarwa, wannan misin ne mai tsanani, wato wata silinda ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ɗanyen fetur yana wucewa salansa yana ƙona indomie, abin nan da ke tace hayaƙi a cikin salansa, ka rage gudu ka nufi gareji mafi kusa.

Sai wani gwaji na daƙiƙa biyar da ya kamata kowa ya sani, musamman mai shirin sayen Beljiyam ko ta hannu. Ka murɗa ki zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka tada inji ba. Dole fitilar cek ta fito tare da sauran, in ka tada mota ta ɗauke. In ba ta fito ba sam, to an cire ƙwan ne ko an manna baƙin salatif ta ciki, wasu gwanayen ma haɗa wayarta suke yi da ta fitilar mai don su riƙa ɗaukewa tare. Masu gwaji sun san wannan, shi ne abin da suke fara kallo.

Abubuwan da za ka duba da hannunka kafin ka kira kowa

Murfin tanki. Ka buɗe shi ka duba robar da ke zagaye da shi, in ta tsattsage ko murfin ba ya ƙara ƙas-ƙas in ka ɗaure, shi kaɗai yana iya kunna fitila a motocin Amurka. Sau da yawa ma yaran gidan mai ne ba sa ɗaure shi sosai.

Eya kilina. Mu da muke shan ƙurar hunturu wata da watanni, wannan abin yana toshewa da wuri fiye da yadda littafin mota ya faɗa, tunda wanda ya rubuta littafin bai san hazon Disamba a Kano ko Damagaram ba. Ka ciro shi ka ɗaga a rana, in haske ba ya ratsawa ka canza. Busa shi da iskar falkanaiza da ake yi sau ɗaya yana ɗan taimakawa, amma yawan busawa yana huda takardar, ƙura ta riƙa wucewa kai tsaye tana manne wa eya fulo mita, sensar da ke auna iskar da ke shiga inji.

Daga nan ka bi babban tiyon da ya taso daga akwatin eya kilina zuwa totur, ka lanƙwasa shi da hannu ka duba cikin lanƙwasoshinsa, nan yake tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ƙananan tiyoyin da ke kan manifol su ma ka taɓa su ɗaya bayan ɗaya, zafi yana busar da su su zama kamar kara. Ka duba kan batir ko ya yi gishiri ko yana motsi. In kana da mita, batir lafiyayye yana ba da kusan volt 12.6 in mota na kashe, in ta tashi kuma tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka biren-bos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yana iya fitar da lambobin matsala na ƙarya birjik.

Sannan ka sa wani ya ba ta wuta kai kana baya kana kallon salansa, a fili fa, ba a cikin garejin gida a rufe ba, iskar da ke kashe mutane in an kwana da janareta a ɗaki ita ce dai ke fita a nan. Baƙin hayaƙi mai ya yi yawa. Shuɗi-shuɗi baƙin mai take ƙonawa, ko ringi ko bawul sil. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, ga ruwan lagireta kullum yana raguwa, ka fara tunanin gasket. Ɗan tururin da ke fita da asuba lokacin sanyi wannan ba komai ba ne.

Yanzu a sa mata kwamfuta

Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 zuwa sama tana da soket ɗin OBD mai ramuka 16, yawanci a ƙasan sitiyari wajen gwiwar direba. Na Turai masu fetur daga 2001 aka tilasta musu, masu dizil daga wajen 2004, shi ya sa irin su Golf 3 da 406 na farko-farko ƙaramar sikana, wato na'urar karanta lambobin matsala, ba lallai ta yi magana da su ba, sai ka je wajen mai babbar na'ura da ta san kamfanin. Ga sauran kuwa akwai 'yar na'urar nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, a sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner, kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, kuma a ganina duk mai tsohuwar mota ya kamata ya ajiye ɗaya a cikin mota. Ba wai za ta mayar da kai bakanike ba, amma za ta hana a yi maka rufa-ido.

Ga dokar da ba na so ka karya: kar a goge komai sai an rubuta. Abin da ake yi a garejoji da yawa shi ne a jona na'ura, a danna gogewa, fitila ta ɗauke, a ce Alhaji an gama, ka biya ka tafi, bayan kwana biyu ta dawo. An kashe maciji ba a sare kai ba. Ka ɗauki hoton lambobin da wayarka, har da waɗanda ke jiran tabbaci, sannan ka ce a buɗe maka shafin da ke nuna halin da mota take ciki lokacin da matsalar ta faru, gudun nawa take, zafin inji nawa, a silo ne ko a kan hanya. Da an goge, wannan bayanin ya tafi.

Abu na biyu, lamba ba sunan abin da za ka saya ba ne. In ta ambaci oksijin sensa ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi abin da ake karantawa daga wajen bai yi daidai ba, yana iya zama waya ce ɓera ya ci, ko salansa ce ta huje kusa da ita, ko kuma sensar gaskiya take faɗa matsalar tana wani wuri. Mutane nawa suka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo suka sayo sensa, aka ɗaura, fitila ta dawo, aka ce jabu ce, aka sake sayowa.

Lambobin da suka fi fitowa, da kuma tsarin da za ka bi

In lambobi da yawa suka fito tare kar ka fara da mafi tsada. Ka fara da zafin inji, sai wuta, sai iska da mai, sai sensoshi, indomie shi ne na ƙarshe, domin duk waɗancan su ne ke kashe shi.

Zafin inji, P0128 da 'yan'uwanta. A nan zan ɗan daɗe don nan ne cutar motocinmu take. Da zarar Beljiyam ta sauka, abu na farko da bakanike zai ce shi ne Oga a cire tamostat, wannan na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa da an murɗa ki. Gyaran gangar Auzinawa kenan. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen 80 zuwa 95 a ma'aunin selshiyos, ko a Kanada yake ko a Agadas, aikin tamostat shi ne ya kai shi wurin da sauri ya kuma riƙe shi a nan. In ka cire shi, biren-bos zai riƙa ganin inji bai yi ɗumi ba, shi kuma in inji na da sanyi ƙarin mai yake turawa, sai ka ga mota tana shan mai, fulogi suna baƙi, baƙin mai yana tsinkewa da warin fetur, indomie yana cika da toka. Kuma wasu gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta ba za su fara ba ma sai zafi ya kai. Ka duba zafin a sikana bayan tafiyar minti 15, in yana wasa a 60 ko 70, ka sayi tamostat na asali a mayar, a mayar da fanka kan rile ɗinta, a wanke lagireta a zuba kulant maimakon ruwan rijiya. In mota tana zafi da tamostat a ciki, to lagireta ce ta toshe, ko murfinta, ko wata-fam, ko fanka, su za a gyara.

Misin, P0300 zuwa P0304 a mai silinda huɗu, har P0306 a irin su Sienna. Lambar ƙarshe ita ce silindar da ke misin, P0302 silinda ta biyu kenan, P0300 kuma tana yawo ne. Ga dabara mai sauƙi: a ciro kwail ɗin silinda ta 2 a musanya da na ta 3, a goge, a zagaya. In lambar ta koma P0303 kwail ne, ka sayi ɗaya tak. In ta tsaya a 2 a musanya fulogi, in har yanzu tana nan a koma kan nozul, in shi ma lafiya a auna kwamfureshan. Yayin da aka ciro kwail ka leƙa ramin da tocila, in ka ga baƙin mai ya taru a ciki to gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo, sai an canza shi in ba haka ba sabon kwail ɗin ma zai bi sahu. In kuma misin ɗin ya fara ne daga dawowarka daga wankin inji, ruwa ne ya shiga, a busar. Fulogi kuwa ka sa irin lambar da kamfani ya ce, kasuwa ta cika da jabun iridiyom masu kwali mai kyau, araha ba ta ado.

P0171, iska ta yi wa mai yawa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, in lissafin ya karkata biren-bos yana ƙara mai ko ya rage don ya daidaita, kuma yana nuna maka nawa yake ƙarawa a wani layi da za ka ga an rubuta LTFT. Tsakanin ragi 10 da ƙari 10 cikin ɗari ba laifi. In ka ga ƙari 18 ko 25, ka kalle shi a silo, sannan ka taka totur ka riƙe juyin inji a 2,500 a minti. In adadin ya sauko da ka ba ta wuta, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, tiyo ko bawul ɗin PCV ko gasket ɗin manifol, kuma injin 1ZZ na Corolla da Vibe da Matrix ya yi suna a wannan gasket ɗin. In kuwa ƙara hawa yake yi da ka ba ta wuta, to ko eya fulo mita ya yi datti ko fiyil-fam ya gaji ko nozul sun toshe. Eya fulo mita akwai feshinsa na musamman, a fesa daga ɗan nesa a bar shi ya bushe da kansa, kar a taɓa siririyar wayar da ke ciki, kar a wanke da fetur, kar a busa da baki ko kwamfuresa. P0172 kishiyarta ce, mai ya yi yawa, nan kuma ka koma kan eya kilina, tamostat, nozul mai ɗiga, ko sensar zafin ruwa da ke faɗa wa biren-bos ƙarya.

Oksijin sensa. Guda biyu ne a kowane layin salansa, ɗaya kafin indomie ɗaya bayansa. P0135 da P0141 na hitar da ke cikin sensar ne, ta gaba da ta baya, waɗannan kam yawanci sensar ce, amma a duba fiyus da soket tukuna. Ta gaba in irin ta da ce za ka ga tana hawa da sauka da sauri tsakanin volt 0.1 da 0.9 a sikana, in ta yi nauyi ko ta tsaya wuri ɗaya ta gaji. Toyota da Honda da yawa na bayan 2000 wata iri suke sawa a gaba wadda ba ta wannan rawar, don haka kar wani ya ga ta tsaya ya ce ta mutu, kuma ba a musanya ta da ta baya ko da zaren ya shiga. A nan folo-kom, wato ta asali da aka ciro daga wata mota, in lambarta ta dace, ta fi sabuwa marar suna.

P0420, da P0430 a masu V6. Wannan ita ce lambar da kowa ke tsoro, tana cewa indomie ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Kafin komai ka tabbatar ma yana ciki. Saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa, filatinom da faladiyom da rodiyom, akwai masu sayensa, don haka ana fasa tukunyar a kwashe a mayar da walda, wani tun kafin mota ta iso hannunka, wani a garejin da ka bar ta ta kwana, wani kuma da bakinka ka yarda don an ce maka shi ke riƙe wa mota wuta. Ka sa a ɗaga mota ka duba ko akwai sabon ɗinkin walda a jikin tukunyar, ka ƙwanƙwasa, in ta yi ƙarar gwangwani ba komai ciki. In yana nan, a duba sensar baya a sikana da inji mai zafi: in tana kwance kusan wuri ɗaya indomie na aiki, in tana kwaikwayon rawar ta gaba ya gama. Amma ƙaramin huji a salansa kusa da sensa ma yana kawo wannan lambar, don haka a toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci a saurari inda iska ke huci.

In ya tabbata ya mutu, sai saye, ba wata hanya. Akwai masu sa wani ɗan ƙarfe su janye sensar baya daga hanyar hayaƙi, ko su taɓa biren-bos don fitila ta yi shiru, wannan dashbod kawai zai yaudara, na'urar da ake zurawa a bakin salansa abin da ya fito take aunawa. Ruwan gwangwanin da ake ce wa mai wanke indomie yana iya ɗan taimaka wa wanda toka ce kawai ta rufe shi, wanda ya narke ko ya farfashe kuwa ko kwali guda ka zuba ba zai dawo ba. Kuma kar ka ɗaura sabo alhali mota tana misin ko tana cin baƙin mai, 'yan watanni zai yi ya bi na farkon.

Sauran a taƙaice. P0440, P0442, P0455 da P0456 na tururin tanki ne, ka fara da murfi, sannan ka daina cewa a ƙara a ƙara bayan famfo ya tsaya da kansa, man da ya wuce yana jiƙa gwangwanin gawayin da ke tace tururin. P0401 bawul ɗin EGR ne, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, ko hanyarsa ta toshe da baƙin kabon, wanki yake so, ba toshewa da faranti ba.

An gyara, an goge, amma kar ka nufi wurin gwaji yau

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Da an goge lambobi, ko an cire kan batir, duk gwaje-gwajen cikin gida da biren-bos ya yi sun goge, sai ya sake su daga farko. A inda ake jona kwamfuta, kamar jihohin Amurka masu gwajin hayaƙi, in suka ga ba a kammala ba za su ce ka je ka dawo ko da fitila a kashe take. Ƙa'idar da yawancinsu ke bi ita ce motar 1996 zuwa 2000 a yafe mata biyu da ba su kammala ba, daga 2001 ɗaya kawai. Motocin wajen 2010 zuwa sama ma suna ajiye wata lamba da sikana ba ta iya gogewa, sai motar da kanta ta gamsu an gyara. Ko a wurin da ba a duba wannan, kai amfaninka ne, don ta haka ne za ka san gyaran ya ci ko kuɗinka ne ya tafi.

Yadda za ka taimaka mata: mai a tanki ya kasance tsakanin kwata da kwata uku. Ka bar ta ta kwana ta huce. Da safe ka tada ka bar ta a silo minti biyu zuwa uku, ka fita a hankali cikin gari har zafi ya kai, sannan ka hau babban titi ka riƙe gudu ɗaya, kilomita 80 zuwa 90 a awa, na minti 10 zuwa 15 ba tare da wasa da totur ba, daga nan in hanya ba kowa a bayanka ka ɗaga ƙafa ka bar ta ta sauko da kanta zuwa wajen 30 ba burki. Ka dawo cikin gari ka ɗan yi tsaya-tafi, ka faka ka bar ta a silo kaɗan. Kowane kamfani da ɗan bambancinsa, amma in ka yi haka kwana biyu ko uku yawancinsu za su cika, na tururin tanki ne ke da taurin kai. Ka buɗe shafin I/M a sikana, mai nuna gwaje-gwajen da suka kammala, ka gani da idonka. In ma ba a goge ba, fitilar tana ɗaukewa da kanta bayan tafiya uku a jere da matsalar ba ta sake bayyana ba, wannan ya fi kwanciyar hankali.

Ranar gwaji

In lokacin juye ya kusa, ka yi shi kafin ka je, tsohon baƙin mai da ya sha fetur yana ƙara ƙazantar hayaƙi. Ka sha mai a gidan man da ka yarda da shi, ba na bumburutu ba. Kar ka zuba kananzir ko sifirit ko wani haɗi da aka ce yana sa a ci gwaji, wanda ya ga abin da gurɓataccen man farkon 2022 ya yi wa motocin mutane ba sai an ja masa kunne ba.

Ka je da mota da zafinta. Indomie ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, kuma tsoho ya fi sabo buƙatar zafi, don haka ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a buɗaɗɗen titi kafin ka shiga layi, in layin ba mai tsawo ba ne kar ka kashe ta. Ka kashe AC da sauran kayan wuta in an zo kanka. Tunda kuma ba hayaƙi kaɗai ake dubawa ba, ka zagaya ka ga fitilu da sigina da waifa da taya da burkin hannu tun a gida.

In ba ka ci ba ka karɓi takardar sakamakon, kar ka bar ta a wurin, ita ce za ta nuna inda za a nufa. CO, wato iskar nan mai guba irin ta janareta, in ya yi sama mai ne ya yi yawa. HC in ya yi sama fetur ne ke fita bai ƙone ba, wato wuta, fulogi, kwail, ko kwamfureshan. In duka biyun sun ɗan haura kaɗan alhali inji lafiya lau, indomie ne ya gaji. In lamda, wato ma'aunin daidaiton iska da mai, ta wuce 1.03 amma sauran sun yi kyau, ka je wajen mai salansa, huji ne ke jawo iska. Don ka samu abin kwatance, a gwajin Ingila motar fetur mai indomie in an riƙe ta a 2,500 zuwa 3,000 ana so CO kar ya wuce kashi 0.2 cikin ɗari, HC kar ya wuce kashi 200 cikin miliyan, lamda tsakanin 0.97 da 1.03, motar da ta shiga wannan layin ba ta da fargaba.

Masu kafireta, irin su 504 da tsofaffin Starlet da Golf 2, ba ku da biren-bos da zai faɗa muku komai, naku aikin hannu ne: sabon fulogi, a duba wayoyin fulogi da kan distirbuta, a saita taimin, a tabbatar cok yana buɗewa gaba ɗaya in inji ya yi zafi, sannan a saita sukurun mai da iska, in da hali a gaban na'urar auna hayaƙi ba da kunne kaɗai ba. Masu dizil kuma kaurin hayaƙi ake aunawa in an take totur har ƙasa, don haka ka tabbatar taimin bel ɗinka ba tsoho ba ne kafin ka yarda a yi mata wannan takun, ka canza eya kilina da matatar mai, ka ba ta wuta sosai a kan hanya ta zubar da tokar da ta tara a salansa, in har yanzu tana baƙi sai a ciro nozul a kai wa masu gwada su a kan benci.